Gashin Bakin Miflih da Lamba Sifili

"Wai ni kam, Miflih, mutumin da aka ajiye a wutsiyar layi, ta wace hanya zai riga na kan gaba isa?"

Irshed mai aski ne ya yi tambayar. Hiyam tana saman soro tana shanya ɓaure ta ji ta, don shagon askin a jikin katangarsu yake, kuma duk abin da aka faɗa a ƙofarsa sai ya hau sama kamar hayaƙi. Ta tsaya cak da tire a hannu. Miflih ɗin mijinta ne, bara aka kawo ta gidansa, kuma tun zuwanta ba ta taɓa jin an yi masa tambaya ya yi shiru ba sai ran nan.

Ga inda maganar ta samo asali. Masu shirya tseren motoci na birni sun ce bana ta ƙauyensu za a biyo, wato Ain Tuta da ke kan duwatsun Ajlun. A tashi daga ƙoramar gindin dutse, a hau hanyar birji mai kwane-kwane ta cikin gonakin zaitun, a ƙare a masussukar gari. Shi kuwa Miflih ya taɓa riƙe igiyar tare 'yan kallo a wani tsere can wajen Tekun Gishiri, tun daga nan ya zama shehin malamin tsere na ƙauyen, ba mai ja da shi sai wanda ba shi da abin yi ranar. Da aka ce Nadim zai zo, zakaran bara, ɗan Amman, sai Miflih ya ce yaron nan ko riƙon sitiyari bai iya ba, sa'a ce kawai da gatan uba. Aka yi dariya. Dariyar ta ɗebe shi, ya kai hannu ya kama gashin bakinsa a gaban mutane ya rantse: in Nadim ya riga shi taka masussuka ranar tsere, Irshed ya kawo aska ya share gashin nan a wurin, gari na kallo.

A Ain Tuta ba a wasa da wannan. Namiji in ya kama gashin baki ya yi magana, ta zauna ke nan, wanda kuwa aka aske a kan rantsuwa, ko a cinikin akuya ba a sake neman shaidarsa. Na Miflih kuma ba irin na kowa ba ne. Baƙi wuluk, ya murɗe hagu da dama kamar ƙahon rago, kullum safe sai ya sha man zaitun kafin mai shi ya sha shayi. Ita Hiyam abin da ya fi tsaya mata a rai sunan da za a laƙaba mata ne. Ita da ko a gidan biki sai ta nemi bayan wata mai jiki ta ɓuya, a ce ta fito sayen gishiri ana nuna ta da baki, ana cewa ga matar askakke.

Bayan rantsuwar ne ya je birni ya sa sunansa, aka ba shi takardar lamba ta mannawa a ƙofar mota: arba'in da bakwai. A nan aka gane ashe lambar ba zaɓa ake yi ba. Zakaran bara ke da ɗaya, mai bi masa biyu, haka har a gangaro kan sabon shiga, shi ke kwashe ta ƙarshe. Kuma ba tare ake tashi ba, ɗaya bayan ɗaya ake sakin motocin, bisa lamba. Kafin a zo kan Miflih, Nadim ya isa, ya wanke fuska, ya ci abinci, watakila har ya ɗan kishingiɗa.

Shirun Miflih bai daɗe ba. Hiyam ta ji ya yi gyaran murya.

"Irshed, kai kawunan mutane ka sani, su ma ta waje. Abin da ke ciki ka bar wa masu shi."

Motar da za a yi wannan aiki da ita tsohuwar tasin marigayi mahaifinsa ce, wadda ta daɗe a gindin ɓaure kaji na ƙwai a kujerar baya. Bai fara da duba inji ba, suna ya fara raɗa mata. Ya tara mutane ya yi musu karatu, cewa manyan ƙungiyoyin tsere ba sa fita da mota haka kara zube. Sai da suna, a gefen sunan kuma wata lamba daban, ba ta ƙofa ba, ta ƙira, duk sanda aka ƙera sabuwar mota sai ta hau. Ya ɗauko jan fenti ya rubuta a murfin but: Guguwa Ɗaya. Mahaifiyarsa Hajja Fidda ta leƙo ta ce ai motar na da suna tun da, Allah Ya Sawwaƙe babansa ke kiranta, don kowace safiya abin da yake ce mata ke nan.

Ran da inji ya tashi, birki ne ya ƙi tashi. Guguwa Ɗaya ta gangara tsakar gida cikin natsuwa, ta fita ƙofa, ta tsallaka lungu, ta shiga tandun burodin maƙwabciya ta zauna. Matar ta fito da kwaɓin fulawa har gwiwar hannu tana kiran sunan kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Miflih ya fito ta taga, ya kaɗe toka, ya ce kada wanda ya kira wannan haɗari, gwaji ne. Manya ba sa cewa motarsu ta lalace, cewa suke ta gama aikinta, a fito da sabuwa. Ya goge Ɗaya ya rubuta Biyu.

Guguwa Biyu nauyi ya yi mata yawa, in ji shi, motar tsere kuwa karen farauta ce, ba ta tumbi. Ya cire kujerar baya, ya cire murfin but, sai da ya jingine shi a bango ya tuna sunan a jikinsa yake. Ya cire wani ƙarfe a ƙasa da ya ce ado ne kawai, da ya murza makulli inji ya sunkuya kamar mai ruku'u. Uku ke nan. Guguwa Uku aka cire wa salansa don a riƙa jin ta tun daga kwari. An kuwa ji ta. Jakunan gari suka tsinke igiya, liman ya aiko a tambaya ko yaƙi aka fara, kajin Hajja Fidda da aka kora daga kujerar baya suka yi fushi biyu, suka daina ƙwai.

Daga Huɗu abin ya shigo ɗakin girkin Hiyam. Ta nemi rariyarta ta rasa, sai ta gan ta a hancin mota tana tare ƙura. Igiyar shanya ta koma ɗaure ƙofar direba, wadda ta daina rufuwa tun karon tandu. Tiyon iskar girki ya zama na lagireto, ta koma hura itace a tsakar gida idanu na hawaye. In ya shigo ɗaukar abu sai ta matsa gefe, da ya fita ta tura abin da ya rage ƙarƙashin gado.

Irshed kuwa ya fito da kujerarsa waje don ya riƙa gani da kyau.

"Ƙungiyarka ta fi ta Turawa, mutumina. Su shekara guda mota guda, kai kafin Juma'a ka ƙera shida. Sauran biyar ɗin suna ina? A sayar min ɗaya in riƙa kai yara makaranta."

"Suna cikin ta shidan, yadda kakanninka ke cikinka."

"To Allah ya jiƙansu," in ji Irshed. Ya ci gaba da wasa askarsa a fata, alhali ba kowa a gabansa.

Doka ta ce sai da mutum na biyu a mota, mai gaya wa direba abin da ke gaba. Samarin gari duk suka tashi da uzuri. Ya rage sai Kawu Ukla, ƙanen Hajja Fidda, tsohon makiyayi, kunne ɗaya ya mutu ɗayan na jinya. Hanyar kam ya san ta kamar yunwar cikinsa, sai dai shi ba ya cewa hagu ko dama. Cewa yake ga inda jakin Za'al ya faɗi, ko a nan aka yi rigimar rijiya, sau da yawa sai an wuce kwanar yake isowa inda ya kamata a karya.

Ana jibi tsere, da hantsi, Miflih ya sa sakata a ƙofar gida ya kira Hiyam gindin mota.

"Ke 'yar halak, me ke gaban ɗaya?"

Ta dubi ƙasa ta ce su dai a makaranta daga ɗaya aka fara musu.

"Shi ya sa aka bar ku a baya. Sifili ne."

Ya rage murya ya gaya mata sirrin da ya gano a Tekun Gishiri. Akwai wata mota mai sifili a ƙofa. Ita ake fara saki, kafin zakara ma. In ta taho 'yan sanda miƙewa suke, jama'a su dare, kuma da idonsa bai ga an wuce ta ko sau ɗaya ba. Lambar manyan da suka gagari gasa ce, in ji shi, ba a raba ta, mai zuciya ke ɗauka. Hiyam ta tambaya a hankali, to me ya sa ba ita ake ba kofi ba. Ya ce wanda ya ƙoshi ba ya wawaso.

Sifilin kuwa dole ya fita zagaye sumul kada a raina shi. Aka ɗauko babban tiren mansaf na kayan aurenta, wanda ake zuba shinkafa da naman biki a ciki, aka kifa a ƙofar, ta riƙe, ya zagaye da baƙin fenti, ya sa faranti a tsakiya ya sake zagayewa. Da ya bushe ya rufe shi da takardar arba'in da bakwai, don masu duba motoci su gani su bar shi ya shiga layi. Bai manna ta da gam ba kada ta ƙi ɓantaruwa, madin inabin Hajja Fidda ya shafa mata. Tun daga ranar duk inda Guguwa Shida ta yi, ƙuda da rina ke mata rakiya.

Ranar tsere mata suka cika saman soron gidan, don daga nan ana ganin hanyar tun daga ƙorama har masussuka, kamar igiyar da aka jefa daga kan dutse. Hiyam ta sami wuri a bayan tankin ruwa. Abin da ya faru a ƙasa daga baya ta ji shi a bakin Kawu Ukla, amma tashin Guguwa kam ba ta buƙaci mai gaya mata ba, tantabaru ma sun shaida.

Motoci na jere, Nadim a gaba cikin hular kwano, sai Miflih ya ɓantare takarda, ya fito daga wutsiya, ya bi gefen layi yana danna ham har bakin igiya. Mai tuta sabo ne a aikin. Ya dubi sifili, ya ji ƙarar da ko jiniya ba ta kai ta ba, ya kaɗa tuta, ya ɗauki oba-oba ya sanar cewa sifili ta tashi.

Abin da Miflih bai sani ba, motar sifili ba ta cikin tsere. Ta masu shirya gasar ce, aikinta share hanya. Ita ke wucewa gaba ta duba ko da dabba ko mutum ko dutse, kuma ba a sakin kowa sai ta isa ta ce hanya lafiya. Ta gaskiyar tana can bayan tanti, mai tuƙa ta, Ustaz Basil shugaban hanya, ya je neman motar asibiti da ta ɓata a gonaki. Su kuwa masu tsaron kwana-kwana, duk mai matsala sifili yake jira ya ɗora mata.

A kwanar farko mai tsaro ya sha gabansu da hannu biyu. Awaki ne kwance a tsakiyar hanya suna tuƙa. Miflih ya ce makircin Nadim ne. Mai tsaron ya ce shi bai san makirci ba, ya dai san aikin sifili ne. Kawu Ukla ya sauka, ya tsaya duba kunnuwan awakin don ya san na wane gida ne, Miflih na ta korarsu da hula yana waiwaye. Ba ƙura a baya. Ya ce wa Kawu ya gani ko, tsoro ya hana su tashi.

A kwana ta gaba wata tsohuwa ce zaune a bakin hanya da kwandon rumman, ta ce gonar mijinta ce, ba mai tashinta sai wanda ya halicce ta. Mai tsaron wurin ya gaji da roƙo, ya ce sifili ta ɗauke ta ta kai ta gari. Miflih zai yi gardama, tsohuwar ta dube shi ta ce ai ɗan Fidda ne, ita ta yanke masa cibiya. Ba kujerar baya, aka zaunar da ita a kan tayar safaya, kwando a cinya, ta gargaɗe shi ya tafi a hankali, rumman ɗin na sayarwa ne.

Kwana ta uku ce ta gama da shi. 'Yan kallo sun tsaya a inda mota ke iya kufcewa ta same su, mai tsaro ya roƙi sifili ta yi musu magana, don maganarta ake ji. Miflih bai taɓa samun wanda ya roƙe shi magana ba. Ya kashe mota, ya hau dutse, ya murza gashin baki, ya fara daga yadda ake karya kwana ya gangaro tarihin Guguwa tun daga ta Ɗaya. Wani ya kawo gahawa. Ya karɓa, ya nuna musu hanyar da babu kowa a kanta, ya ce su duba da kyau, wannan ce tazarar da ke tsakanin gwani da ɗan gata. Sai a kofi na uku ya girgiza kofin, alamar ta ishe shi.

A saman soro Hajja Fidda ta soma guɗa, ta ce ɗanta ya yi musu nisan da har hutawa yake. Mata suka juyo suna taya Hiyam murna, ita kuwa idonta na can gindin dutse. Motocin na nan jere suna ƙyalli a rana, ko ɗaya ba ta motsa ba. Ta yi tunanin in tsere ake, ai wani zai yi gudu. Can ta ga wata farar mota mai fitila a ka ta fito daga bayan tanti ta kamo hanya tana jiniya. Ta ja mayafi ta rufe baki.

A hawan ƙarshe, masussuka na hango su, tiyon girki ya ce shi ba don wannan aka yi shi ba. Ya fashe, tururi ya turnuƙe, inji ya yi tari ya mutu. Guguwa Shida ta soma ja da baya, tsohuwa na salati, rumman na gangarawa ta but ɗin da ba murfi, sai da Kawu Ukla ya diro ya sa dutse a taya. Nan farar motar ta iso ta tsaya gefe da gefe, sifili na kallon sifili. Ustaz Basil ya fito, jijiyar wuyansa a tsaye.

"Kai wane ne?"

"Sifili."

"To ni kuma fa?"

"Kai ka sani. Ni dai na riga ka, sai ka bi baya."

Ustaz Basil ya dubi rariya, ya dubi igiyar shanya, ya dubi tsohuwa, ya rufe ido ya yi istigfari. Ya gaya wa Miflih a taƙaice mene ne aikin sifili, da yadda direbobi suka dahu a rana a gindin dutse suna jiran mutum ya gama shan gahawa. Sannan ya ɗauki oba-oba. An haɗa ta da lasifikar masussuka, saboda haka duk gari, har matan saman soro, suka ji muryarsa tar: hanya lafiya, sai wani tarkace a hawan ƙarshe, yanzu za a tura shi gefe, a saki lamba ɗaya.

Aka sauke tsohuwa, aka tura Guguwa cikin kwalbati. Daga ƙasa aka ji motar Nadim ta yi gurnani ta taso.

Da wani ne, da tuni ya zauna ya dafe kai, ban da Miflih. Ya kwance igiyar shanya, ƙofa ta faɗo hannunsa, ya ce a tsere lamba ake dubawa ba mota ba. Ya rungumi ƙofar ya yanki gonaki. Abin da Hiyam ta gani daga sama ƙofa ce mai ƙafa biyu tana tsallake katangun zaitun, baƙin sifili a gaba, rina a baya suna bin ragowar madi. Ƙofar ta faɗi, ta tashi. Iska ta kama ta ta juya ta ta fuskanci kwari, ta yi gudu kaɗan can kafin ta gane. Jama'a suka bar kallon hanya suka koma kanta, yara na tafa masa, har waɗanda suka zo ganin aski suka manta suna cewa saura kaɗan. Hiyam ta ji kanta tana cewa yi sauri, ɗan baffa, a ƙasan mayafi inda ba mai ji.

Ya hau katangar ƙarshe, bai fi tsawon tabarma biyu tsakaninsa da masussuka ba, sai wani abu ja ya wuce fuu. Da ƙura ta lafa, Nadim na tsakiyar masussuka yana cire hula, Miflih na zaune a ƙasa, ƙofa a ka kamar mai tallan burodi.

Irshed ya matso. Kujerarsa tun safe tana wurin, da ruwan ɗumi a buta. Ya kaɗe ta da tawul.

Miflih ya miƙe ya ce a dakata. Ustaz da bakinsa ya ce sifili ba ta cikin tsere, to wanda ba ya cikin tsere ta ina aka tsere masa? Irshed ya ce shi a rantsuwar bai ji an ambaci tsere ba, masussuka ya ji, ga ta kuwa, ga wanda ke kanta, ga wanda ba ya kanta. Miflih ya ce inuwar ƙofar ta riga shiga. Mai gari ya ce to a bar inuwar da gashin bakinta.

Nadim da aka ba shi labari ya yi dariya har ya dafa mota, sannan ya zo ya sa hannu a ƙirji ya roƙi mai gari alfarma. Ya ce shi baƙo ne, kuma ba ya son a tuna da zuwansa garin da aska, a yafe wa bawan Allah. Dattawa suka dubi juna. Roƙon baƙo ba a mayar da shi, Irshed har ya fara naɗe tawul fuska a murtuke. Hiyam ta saki numfashi. Da Miflih ya yi shiru na ɗan lokacin da ake haɗiye yawu, da shi ke nan.

"Ni ba na karɓar ceto daga yaron da sai da na share masa hanya ya iya hawa."

Irshed ya warware tawul.

Bai yi gaggawa ba. Ya aske ɓangaren dama tas, ya ce hannunsa ya gaji, ya aika a kawo masa shayi. Haka Miflih ya zauna da ƙaho ɗaya, motoci na isowa ɗaya bayan ɗaya, kowane direba ya fito sai ya zo ya ga mutumin da ya gasa shi a rana. Mai lamba arba'in da shida na tsayawa aka share na hagu.

Hiyam ba ta tsaya ganin ƙarshen ba, ta sauko ta ɗora ruwa. Da la'asar ta ji shi ya shigo ta ƙofar baya, ya naɗe fuska da ƙyallen kansa mai ja da fari, ido kawai a waje. Hajja Fidda ta dube shi, ta ce gara da babansa bai ga wannan rana ba, ta ɗauki mayafi ta fita kai ƙarar Irshed gida-gida. Ta bayan katanga kuma an riga an fara. Hiyam ta ji maƙwabciya mai tandu na tambayar wata ko matar askakke za ta iya fitowa gobe. Ta tsaya tana jiran sunan ya soke ta yadda ta kwana biyu tana tsoro. Ya ɗan taɓa ta, kamar cizon sauro, ya wuce.

Ta kai masa ruwa ɗaki. Yana zaune bakin katifa, gwiwoyi a kuje, wuya duk harbin rina. Ya daɗe kafin ya warware ƙyallen. Wurin gashin ya yi fari fat kamar inda aka ɗauke tulu. Ashe a ƙarƙashin ƙahonnin nan ɗan ƙaramin baki ne mai kyau, leɓen sama ya ɗan tashi, da wani ɗigon tawadar Allah a gefe, kuma in zai yi magana leɓen sai ya yi rawa tukuna. Ya koma kamar ɗan saurayin da aka aika gidan surukai ya manta saƙon. Ya kai hannu zai murza, bai sami komai ba, ya mayar da hannun cinya. Muryar da ta fito ma ba ta taɓa jin irinta a gidan ba.

"Ya yi muni ƙwarai, ko?"

Ta tsoma tsumma a ruwa ta matse, ta dafa masa a wuya. Ta saci kallonsa, ta sake sata, ta ji kunnuwanta sun yi zafi.

"Zai tsiro, ɗan baffa."

Ya gyaɗa kai ya yi ajiyar zuciya. Ita kuwa a ranta addu'a take kada ya yi saurin tsirowa. Ta so ta gaya wa 'yar'uwarta in ta je gida, sai ta tuna 'yar'uwar ba ta riƙe magana. Hajja Fidda kam ba a ma fara ba. Shi kuma mai bakin, in ya kuskura ya ji, gobe da hantsi yana ƙofar Irshed yana shelar cewa da gangan ya bari aka riga shi, manyan direbobi duk haka suke askewa don iska ta wuce. Ta sake tsoma tsumman, ta ƙudurta a ranta ba wanda zai ji wannan daga bakinta.